Gishirin Bature a Cikin Karsana

Shekarar da aka gina wa Bature bariki a Dutse, ba magidancin da ya tsira daga ɗaukar kaya. Muntaka yana tsakiyar noman gero dogari Barau ya fizge shi daga kunya, ya ɗora masa masakin gishiri daga Kiyawa, wai na madafar Bature ne.

A rafi santsi ya kwashe shi. Bai saki masakin ba, amma ruwa ya cika shi fal, kafin ya kai gaci gishiri ya narke. Haka ya iso bariki da ruwa a ka. Barau ya ce ƙarya ne, sayarwa ya yi. In gishiri bai dawo ba kafin ranar kasuwa, za a tuɓe shi a zane shi a gaban jama'a. Surukansa kuwa a kasuwar nan suke sayar da dabino.

Ya shiga gida yana huci. Matarsa Gaji ta ɗanɗana ruwan, ta ce gishirin bai je ko'ina ba, a tace a dafa, ruwa ya tashi ya bar shi. Sai dai icen damina jiƙaƙƙe ne, hayaƙi kawai yake yi. Muntaka ya tsine wa icen, ya tsine wa rafin. Ya kinkimi masakin ya hau falalen dutsen bayan gida, ya share lotsattsun wurare ya zuzzuba.

Allah ya ba shi rana. Ruwa ya yi ta janyewa, fari ya fara fitowa a gefe. Ran da ya ga ya bushe ƙayau, ya sauka ɗauko tsintsiya da ƙwarya. Ya dawo ya tarar da shanun Bubayero sun hau dutsen, suna lasa har da lumshe ido. Bubayeron nan dattijon Bafulatani ne da ke sauka a gonarsa kowace kaka, tun zamanin mahaifinsa.

"Baffa, ka kashe ni!" in ji Muntaka.

Tsohon ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya shanya gishiri a hanyar shanu ba.

Muntaka bai ƙara ji ko gani ba. Ya zarga wa wata jar karsana igiya, ya ja ta har ƙofar bariki, tsohon na biye yana roƙonsa da girman Allah.

"Ga gishirinku nan a cikinta," ya ce da Barau. "Ku ciro abinku."

Barau ya shafa bayan karsanar ya yi murmushi. Ya ce dama Bature nama yake nema. Ya karɓe igiyar, ya ce magana ta mutu.

Ranar kasuwa ta zo ta wuce, rigar Muntaka na jikinsa. Da kaka ta yi, ya share gona ya jira shanu su zo su zuba masa taki. Bubayero ya kora su ta gefen gonar, ko waiwaye bai yi ba, ya nufi Taura.