Mutum na Uku a Jirgin Jayapura

Yayata Yakoba ba ta barin kalma ta wuce ta, shi ya sa da na dawo tsibirinmu na Biak daga birnin Jayapura na zaɓi tawa da gangan. Na same ta tana feraye gwaza, na ce mata 'yarta Selfiana da mijinta Septinus suna tafe a jirgin ruwan Asabar. Sai dai ban ce “su” ba, yadda muke cewa a yarenmu in mutum biyu ne. “Sko” na ce, wanda ba a faɗa sai an kai uku.

Ta ajiye wuƙa. “Sko? Wane ne na ukun?”

“Ni dai saƙo aka ba ni.”

“Uwar mijin ce! Dorsila! Wadda ta ce miyar kifina ruwan wanki ce?”

Na ciji leɓe. Yakoba ta daɗe tana jiran jika, har ta daina tambaya, ta daina ɗaukar jariran mutane a coci. Tausayinta nake ji ƙwarai, amma Selfiana ta sa na yi alkawarin kama bakina.

Haka ta ƙare makon tana masifa tana aiki. Ta wanke labule, ta sayo sabuwar tabarma, ta yi ta faɗa da masunta kan kifi. “Ba don ita nake yi ba,” in ji ta, “don ta rasa abin faɗa ne.”

Ranar Asabar muka tsaya a tashar jirgi, ita da kayan cocinta, fuska a murtuke. Selfiana ta sauko, Septinus na biye da jakunkuna, ya hana ta riƙe ko leda. Yakoba ta rungume 'yarta tana leƙen bayansu.

“Ina tsohuwar?”

“Wace tsohuwa, Awin?” in ji Selfiana, don haka ake kiran uwa a yarenmu.

Yakoba ta juyo kaina. “Ke, da furfurarki ba ki iya ƙirga ba? Mutum biyu kike ce wa sko? Kin sa na wanke labule a banza!”

“Na iya yarena sarai, Yaya. Sake ƙirgawa.”

Ta dubi Septinus. Ta dubi Selfiana, wadda ta ɗora hannu a cikinta tana murmushi. Sai ga Yakoba zaune daɓas a kan buhun mutane, hannu a baki, hawaye na zuba.

“Sko,” ta ce a hankali.

Can ta miƙe ta daka wa surukinta tsawa: “Kai, samo mota mana! Ka bar min su tsaye a rana!”

“Su” ta ce, na mutum biyu, kuma ba da Septinus ta ƙirga ba.