Ƙafar da Ba Ta Jin Duka

Mai gashin ƙashi ce ta fara ganin abin. Ta ɗage zanen wata tela da ke kwance a gadon asibiti don ta motsa mata gwiwa, sai ga shatin duka baƙi ƙirin daga cinya har ƙwauri.

"Faɗuwa ta yi a banɗaki," in ji mijin telar daga bakin ƙofa, tun ba a tambaye shi ba.

Shekara uku ke nan telar tana fama da MS, cutar da ke cinye rufin jijiyoyi, har ƙafarta ta hagu ta daina jin ko tsinin allura. Duk Laraba mutum huɗu ke taruwa a kanta: likitan jijiya, nas, mai gashin ƙashi, da mai binciken da ya ɗaura mata wani agogo mai rubuta duk faɗuwar da ta yi. Ita mai gashin ƙashi ba ta iya haɗiye magana ba, ko a gidansu an san ta da haka. Ta juya wajen mai bincike.

"Malam, agogonka ya ga faɗuwa?"

Bawan Allah, boko ya cika masa kai bai bar wa wayo wuri ba. Ya duba kwamfuta, ya ɗaga murya ya ce, "Sati biyar ba ta faɗi ba."

Bai rufe baki ba mijin ya rarumi kujerar ƙarfe ya maka masa a fuska. Hanci ya fashe, jini ya wanke kwamfutar. Likita ya shiga tsakani, ya sha gwiwar hannu a haƙarƙari. Mijin ya damƙi wuyan rigar matarsa ya finciko ta daga kan gado, ƙafar tana jan ƙasa.

Tsoro ya kama mai gashin ƙashi ƙwarai, amma ta san in ya fita da matar nan yau, sai dai a ji labari. Ta sunkuci ƙarfen motsa hannu mai kilo biyar ta sauke masa a tsintsiyar hannu. Ƙashi ya ce ƙas. Ita da sana'arta gyaran ƙashi.

Masu gadin da nas ta kira suka danne shi a ƙasa yana kumfar baki.

"In ba ni ba, uban wa zai ɗauke ki? Wa zai kai ki banɗaki?"

Telar tana zaune a kan siminti. Ta shafa ƙafarta, ta ce wa nas, "A nan yake dukana, wai ai ba na ji."

Sannan ta dube shi.

"Zan rarrafa."