Katangar Sabis

A garinmu wuri ɗaya ne waya take kamawa: saman katangar tsohuwar makaranta. Kakanninmu ne suka gina makarantar da hannunsu, tun kafin mota ta san hanyar nan. Rufi ya tafi, azuzuwa sun zube, sai katanga guda ta rage a kan ɗan tudu. Duk mai son magana da nasa na birni sai ya taka ramukan da ƙafafu suka yi a jikinta, ya zauna a sama kamar zakara a kan danga.

Muna da famfo biyu, ɗaya ne ke ba da ruwa. Muna da injin niƙa. Ɗakin shan magani ne ba mu da shi, shi ya sa da cikin ɗiyata ya zo da gardama aka kai ta birni. Surukina ya ce ranar Talata za a yi mata tiyata a ciro jaririn, zai kira ni da ƙarfe biyu.

Ranar tun safe zama ya gagare ni. Na hau keken ɗinki, na karya allura biyu. Na ɗora tukunya, na manta ban hura wuta ba. Ƙarfe ɗaya na yi na ja mayafi na nufi tudu, waya a hannu.

Fili na tarar. Babu katanga, sai ƙura da maza suna tura baro. A tsakiyarsu ga shugaban kwamitin gari, wanda muke kira Sarkin Dabara, yana ta nuni da sanda.

"Ina katangar?" na ce.

"Yaya, kwantar da hankalinki. Bulon muka kwashe zuwa inda za a gina ɗakin shan magani. Tunda sabis a jikinsa yake, ai zai bi shi. Ga magani ga waya, wuri ɗaya."

Na ruga can, na haye tarin bulon, na ɗaga waya gabas, na ɗaga yamma. Ko ɗigo. Na dawo da gudu, tsoro da haushi sun cika mini ciki.

"Garin neman gira kun rasa mini ido! Ɗiyata tana hannun likita, yanzu za a kira ni!"

Kowa ya sunkuyar da kai. Maginin da ke cikinsu ya ce, "Wallahi na faɗa musu tudun ne da tsayin, ba bulon ba. Aka ce magini ba injiniya ba ne."

Shi ne ya je ya ɗauko tsani. To, a jingina shi da me? Sai maza shida suka kafa shi daidai inda katangar take, suka riƙe shi a tsaye. Ni da gwiwata ke ƙara ko a tabarma zan zauna, na tattare zane na hau har mataki na ƙarshe.

Biyu ta yi. Biyu da kwata. Rana tana dukan ƙeyata, tsani yana rawa, wayar shiru. Na fara tunanin ko ya kira tun ina kan tarin bulo, ko kuwa labarin ne ya yi masa nauyin faɗa.

"Ƙara ɗaga hannu, Yaya," in ji Sarkin Dabara daga ƙasa, gumi na zuba daga haɓarsa.

"Ka riƙe tsani, ka riƙe bakinka."

Biyu da rabi ta wuce, sannan wayar ta yi ƙara. Na kusa sakinta. Ba surukina ba ne. Wata murya ce can ƙasa-ƙasa, a gajiye.

"Inna... ni ce."

Sai layin ya yanke.

Na rungume tsanin ina kuka, ban damu da wa ke kallo ba.

"Me aka samu?" magini ya ɗaga murya. "Mace ko namiji?"

"Ban tambaya ba," na ce. "Ku dai riƙe da kyau, ban sauko ba tukuna."