Ranar da Rinin Gemuna Ya Narke

...kuma wai har yanzu bai fita ba! Sabulu karo na uku ke nan, famfon cibiyar horon nan sai ɗiga yake kamar marowaci, wuyana baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. To ya zauna mana. Wa zai kore ni yanzu? Wa?

Talatin da biyar. Haka suka liƙa a ƙofar cibiyar koyon sana'a: gwamnati ta ware kuɗin horo, matasa zalla, kada a wuce talatin da biyar. Mu da masaƙa ta rufe ta watso mu titi fa? Shekara ashirin ina gaban inji — in je in kwanta in mutu? Arba'in da tara gare ni. Na dubi fom, na dubi biro... ai biro ba ya rantsuwa. Talatin da huɗu! Kwalbar rinin gashi ɗaya, tsohon buroshin haƙori, kai, gemu, har gira. Uwar yara ta leƙo, wai yau kuma wa za a yi wa tsiya? Na ce gwamnati. Ta ɗauka irin wanda na saba ne, irin ranar da na jera wa kazar maƙwabci dafaffen ƙwai... sati uku tana kwanci, Allah sarki kaza.

Ga 'yata ta fari, ajinmu ɗaya, haɗa wutar sola. Na ce ke, a nan babu Baba, Yaya za ki ce. Wata huɗu yarinyar nan tana "Yaya, miƙo filaya" tana cije leɓe. Wata huɗu! Ni ne farkon zuwa, ni ne ƙarshen tashi, jar waya nan, baƙa nan, yaran suna latsa waya ni ina latsa batir...

Sai yau. Kwamiti daga ma'aikata, wai za su ga inda kuɗin baɗi zai tafi. Malam ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce kai, hau rufi ka haɗa musu su gani. Ni! Cikin mutum talatin! Rana tsaka, kwano ya yi zafi kamar a soya ƙwai — ƙwai kuma, kaza ta rama — gumi ya fara, ina jin abu yana gangarowa ta bayan kunne, ta hanci, ta haɓa. Na goge da hannu. Kuskure. Amma na ƙarasa, wallahi na ƙarasa, na ɗaure waya ta ƙarshe, sai na ji ihu daga ƙasa: fankar zaure da ta shekara ba ta motsa ba tana juyi!

Saukowa, ƙafa ta goce daga tsani taki ɗaya kacal...

"Baba!"

Shi ke nan. Har fanka sai da na ji kamar ta ji kunya.

Shugabar kwamiti, tabarau a kan hanci, ta dubi fuskata mai zane-zane kamar jakin dawa. "Bawan Allah, shekarunka nawa?" Na ce na fom ko na Allah, ranki ya daɗe? Ba ta yi dariya ba. Takardar shaida, saura sati biyu, ga ta nan tana tafiya ina kallo... me zan ce a gida? In koma zaman benci?

"Ku nawa ne?" Abin da ta ce ke nan. Ku nawa.

Sai wani tsohon direba ɗan ajinmu ya cire hula — sanƙo tas, har yana ɗaukar ido! Wani mai gadi da aka sallama daga aiki ya ɗaga hannu. Matar da ke cewa ƙanwata ce a aji, ashe jika biyu gare ta. Bakwai! Mu bakwai muna ɓoye wa juna furfura, kowa yana ganin shi kaɗai ne ɓarawo!

Nan fa ta fashe da dariya har tabarau ya zame. Ta rubuta, na leƙa da idona: ajin manya. Ta ce zan karɓi takardata, amma da fuskar da Allah Ya ba ni.

Ni! Ni na buɗe wa tsofaffi aji da kwalba ɗaya! Bari in isa gida, uwar yara sai ta ji har ta gaji...

Farin gemu ya fara leƙowa a madubi. Sannu da zuwa. Kai, tsani ba wasa ba ne. Wai ina hulata? Da tana kaina ai da gumin nan bai...

Hula. Malam ne ya karɓa a gindin tsani, wai kada iska ta ɗauke. Wace iska? Ko ganye ba ya motsi. Kuma kwamiti tun safe suka iso, shi ya ce a jira rana ta take... Shi da kullum yake ƙorafin an hana shi ɗaukar manya. Ranar farko ma da ya karɓi fom ɗina, ya dubi girata, ya yi tari...

Tsaya. Tsaya tukuna.

Wata huɗu... ni aka jera wa dafaffen ƙwai?