Amsar Maigida

Aikina a wancan watan shi ne bin gida-gida ina tambayar mutane ko suna caca. Ofishinmu ne ke son sanin yawan masu yi a ƙasar. Ba ni ke zaɓen gida ba, na'urar da ke hannuna ce. A cikin gidan ma ita ke fitar da mutum ɗaya, kuma amsarsa kaɗai ake ɗauka.

Ranar Laraba na faɗa gidan wani direban tasi. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma a falo, don ko kujera ɗaya babu. Na shigar da sunayen manyan gidan cikin na'ura, su biyu. Na'ura ta zaɓi maigida.

Ya fito yana gyara hula, da fara'arsa.

"Malam, a cikin shekarar nan ka taɓa zuba kuɗi a ƙwallo, ko karta, ko wasan waya?"

"Ni? Allah ya kiyaye! Ko yadda ake yi ban sani ba."

Matar ta yi wata busasshiyar dariya daga bakin ƙofa. "Baiwar Allah, ni ki tambaye ni."

"Yi haƙuri, Yaya, shi na'ura ta fitar."

"To tambaye shi ina keken ɗinkina. Kujerun nan kuma ƙafa suka yi?"

"Ke, shiga ciki!" ya daka mata tsawa. Ya juyo gare ni. "Rubuta a'a."

Na danna a'a. Sauran tambayoyi ashirin suka tsallake da kansu. Minti huɗu, mun gama.

Da ta rako ni ta riƙe mini hannu. "Shekara uku ba wanda ya tambaya. Yau an zo, kuma ba wurina aka zo ba."

Na zauna a gefen titi na rubuta duk abin da na gani a gurbin ƙarin bayani. Washegari shugabanmu ya kira ni.

"Abin da mutum ya faɗa da bakinsa muke ƙirgawa. In muka saurari matar, gobe sai maƙwabta." Ya goge bayanin da na rubuta a gabana. Abin da ya fi ƙona mini rai, bisa ƙa'ida shi ke da gaskiya.

Bayan wata shida rahoto ya fito: masu caca ba su kai yadda ake tsoro ba. Aka yi taro, aka tafa, aka raba lemo. Ana cikin ɗaukar hoto na ɗauki jakata na fita.