Shizue a Bakin Jar Ƙofa

Tun kafin ta hau jirgin ruwan Shizue ta yanke shawarar yin ƙarya. Ba wai za ta buɗe baki ta shara ta ba, shiru kawai za ta yi. Amma ga tsohuwar da ta doshi tamanin ba ta taɓa tsallake al'ada ba, shirun ma ƙarya ne, kuma ta san haka sarai.

Jariri idan ya yi wata guda akan kai shi haikali a nuna shi ga abin bautar wurin, kuma kakarsa ta wajen uba ce ke rungume shi ta shige da shi ta jar ƙofa. Shekara goma sha ɗaya Shizue tana jiran wannan rana. Sai dai wanda aka yi wa mutuwa a gida ba ya ƙetare jar ƙofa sai ya cika kwana hamsin, ita kuwa mijinta Isamu sati uku ke nan da rasuwa. Yana cire gwaza a bayan gida ya zauna kamar zai huta, bai sake tashi ba.

Da so samu ne a jira. To amma ɗanta Shuji a Brazil yake aiki, ya zo jana'iza ya koma, matarsa Kanae kuma za ta bi shi da jaririyar ƙarshen mako. Kanae a gidan iyayenta take jego, ba a bar ta ta kusanci gawa ba, saboda haka ita da 'yar babu abin da ya hau kansu. Shizue ce kaɗai matsalar.

"Mama, wa zai sani?" in ji Shuji a waya. "Ana rubuta wa mutum a goshi ne? Ki ɗauki jikarki ki shiga. In muka tafi sai bayan shekara biyar fa."

Bai ƙarasa sauran ba, ita ma ba ta tambaya ba. Kowa ya san shekara biyar ba wasa ba ce ga mai shekarunta.

Jirgin ya ratsa tafkin a hankali, ya nufi haikalin. Duwatsu sun kewaye ruwan, ganyen itatuwansu ya yi ja, iska mai sanyi tana shiga har ƙashi. Shizue na rungume da jikarta Suzu a ƙirji, an lulluɓe su biyun da jar rigar siliki ta biki, an ɗaure igiyarta a bayan wuyan kakar. Mitsuko, mahaifiyar Kanae, ita ta yi ɗaurin da safe. Mace ce mai kawaici, ta san komai amma sai ta ja ƙullin da kyau ta ce, "Ya yi miki kyau, Kakar Suzu." Wannan kawaicin ya fi zagi ciwo.

A cikin zuciyarta kuwa Shizue faɗa take yi da mijinta, kamar yadda suka saba. Kai dai tsohon nan ba ka taɓa yin abu a kan lokaci ba. Abinci sai ya huce kake zuwa, mutuwa kuma ka yi mata sammako. Wata ɗaya kacal ka kasa jira?

Shi ne fa ya yi naci a kan wannan jika. Tun da auren Shuji ya yi shekara uku shiru, duk wata sai Isamu ya hau wannan jirgi ya zo gaban Mai Tafki, abin bautar haikalin, ya jefa tsabar kuɗinsa, ya tafa hannu sau biyu, ya yi roƙonsa. Ruwa ko dusar ƙanƙara ba sa hana shi. Sau ɗaya tak ya riƙe Suzu, a asibiti.

Suna sauka daga jirgi, ƙamshin gashi ya tare su. Rumfar Tokiko ce, mai gasa curin shinkafa a tsinke tana shafa masa miya mai zaƙi. Shizue ta sunkuyar da kai ta so ta wuce, amma ina, idon Tokiko ba ya barin kowa.

"A'a! Wa nake gani? Matar saurayina! Zo nan, zo nan. Ina kika ɓoye mini shi? Wata ya wuce ban ga ƙeyarsa ba, ga ƙonanne-ƙonanne da yake so ina ta zubarwa." Ta leƙa cikin rigar silikin ta tafa hannu. "Kai! Ashe roƙo ya karɓu! Dubi hancin nan, nasa ne sak, wayyo yarinya an cuce ki. To shi ina yake? Ya samu biyan bukata ya miƙe ƙafa a gida ko? Ki gaya masa ba a yi wa Mai Tafki haka. Wanda ya roƙa shi ke zuwa godiya."

Kanae ta dubi ƙasa. Mitsuko ta shiga gyaran jakarta.

"Gwiwarsa ce ke damunsa," in ji Shizue.

"Gwiwa! Ragwanci dai. Ku je ku fito, zan ƙunsa masa guda biyu ki kai masa."

Ashe ƙaryar bakin ma ba wuya gare ta ba. Shizue ta ji kunya ta kama ta.

Hanyar dutse ta bi ta ƙarƙashin manyan itatuwan da suka girmi kakannin kowa, ta kai su gaban ƙofar. Ginshiƙai biyu ne ja da gungume a bisansu, babu ƙyaure, babu mai gadi. Yara na shigewa a guje, wani saurayi ya wuce yana latsa waya. Shuji ya yi gaskiya, babu wanda zai sani.

Kanae da mahaifiyarta suka rusuna suka shige ta gefe. Shizue ma ta rusuna. Da ta ɗago sai Suzu ta motsa, ta buɗe ido, ta kama bakin rigarta da 'yan yatsu. Shizue ta dubi hannuwanta da ke tallafe da yarinyar. Da su ta goge wa Isamu fuska, da su ta tsinci ƙasusuwansa daga toka ta sa a tulu bayan an ƙona gawar bisa al'ada. Yau ce rana ta farko da Mai Tafki zai ga wannan yarinya, yarinyar da za ta ƙetare teku ta girma a inda babu mai kai ta gabansa. A kan waɗannan hannuwa za a gabatar da ita, da ƙarya ko bushewa ba ta yi a baki ba? In wani abu ya same ta a can fa, ko zazzaɓi ne?

Ƙafarta ta ƙi ɗaguwa.

"Mama?" in ji Kanae daga ciki. "Mama, taho mana. Taku ɗaya ne."

"Maman Kanae," in ji Shizue, "don girmanki zo ki kwance mini."

"Haba, Kakar Suzu. Hakkinki ne. Mu ba mu ga komai ba."

"Ni na gani. Zo ki kwance."

Mitsuko ta fito. Ƙullin ya yi tauri, sai da ta sa farce ta daɗe tana fama, Shizue na jin numfashinta a ƙeya. Aka zare rigar. Shizue ta miƙa yarinyar, ta zagaya ta ɗaura wa Mitsuko igiyar da kanta, ta gyara silikin ya zauna daidai. Kanae na kuka ba sauti.

"Ki tallafi kan da kyau," in ji Shizue. "In malamin haikalin ya tambayi wanda ya roƙo ta, ku ce Isamu ne. Ku ce ya gode."

Ta tsaya tana kallon jar rigar tana hawa matakala har itatuwa suka rufe ta. Inda yarinyar ta kwanta a ƙirjinta akwai ɗumi, iska ta zo ta ɗauke shi. Baƙin ciki ya taso mata irin wanda ko ranar jana'iza bai zo ba, don a ranar tana da baƙi da za ta ba shayi.

"Af, kina nan? Na ce bari in kawo tun da zafinsa, kada in manta."

Tokiko ce, da ɗan ƙunshi a hannu, tana haki. Ta dubi Shizue, ta dubi hannuwanta wayam, ta dubi ƙafafunta da suka tsaya daf da ƙofa ta waje. Dariyar ta bar fuskarta. Ta yi shekara arba'in a bakin wannan hanya, ta san abu ɗaya ne ke tsayar da kaka a nan ranar jikarta.

"Yaushe?" ta ce a hankali.

"Sati uku."

Tokiko ta dubi ƙunshin, ta rasa inda za ta sa shi. Can sama aka fara buga ganga, alamar malamin ya karɓi yarinyar. Tsofaffin biyu suka juya wajen sautin suka rusuna daga inda suke.