Kabad Mara Baya

Shekarata goma sha tara ina kafinta, bakwai daga ciki a Riyad, amma har yau ban gane abin da ya faru a Dir'iyya ba.

Kafilina, ubangidan da nake zaune a ƙasar da sunansa, shi ne ya tura ni can Dir'iyya, a gefen Riyad, wani zaure da za a nuna wani tsohon fim ɗin ban dariya na Faransa, baƙi da fari. Ya ce in Madam Hajar, mai shirya taron, ta yaba aikina, zai sabunta min iƙama, wato takardar izinin zama. In ba ta yaba ba, sai filin jirgi. Saura kwana goma sha ɗaya iƙamar ta ƙare.

Harouna, wani mutumin Maraɗi da ke mata tafinta, ya ce min fim ɗin asalinsa wasan dandali ne, don haka bayan an nuna shi 'yan wasa za su sake yin sa ido da ido. Nawa aikin shi ne haɗa ɗakin, ƙofa huɗu da kabad ɗaya. Ya kunna min fim ɗin a waya. Wani mai gashin baki ya faɗa kabad, matar gida ta rufe, mai gida ya buɗe, babu kowa. Na ce wannan aikin masu kyamara ne, ba ruwan kafinta.

Na yi ƙofofi masu rufuwa a hankali, ko jinjiri ba za su tasa ba. Kabad kuwa na sa masa baya da katako mai kauri.

Ranar gwaji ɗan wasan ya shiga, aka rufe, aka buɗe, ga shi tsaye yana zufa. Madam ta bugo ƙofa da ƙarfi, ƙofar ta tafi a natse abinta. Sai ta dafe kai.

Harouna ya ja ni gefe. "Mu'allim Isiyaku, ta baya zai fice. Ƙofofin kuma ƙararsu ake so, a nan ake dariya."

"To kabad ne ko ƙofa ta biyar?"

"Kabad ne."

"Mara baya?"

Ya ce haka aka gada.

Na zare ƙusoshin, na ɓalle bayan, na kwance ƙofofin har suka koma kamar na shagon kwano. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Madam ta buga ɗaya, bango ya girgiza, ta ce mumtaz, wato madalla, ta kira kafilina a waya a gabana.

Da la'asar saƙon sabuntawa ya shigo wayata. Na tambayi Harouna yaushe zan dawo in gyara musu. Ya ce don girman Allah kada in taɓa komai.